James Keeler, Mutumin Da Ya Auna Gudun Zobban Zuhal

Duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa ba zai manta da hoton nan na duniyoyin da ke kewaya rana ba, wanda a cikinsa akwai wata guda mai ɗamara, kamar an kifa ƙwarya a tsakiyar faifai. Ita ce Zuhal, ta shida daga rana. Mu dai a lokacin abin da ya dame mu shi ne mu haddace jerin sunayen saboda jarrabawa, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko da me aka yi wannan faifai, ko kuwa yaya yake juyawa. To, mutumin da zan ba ku tarihinsa shi ne ya fara kawo amsar da ido zai iya gani. Abin da ya ja hankalina ga labarinsa kuwa shi ne, a cikin zobban Zuhal akwai wasu giɓi guda biyu sirara. Wanda ya gano da idonsa, sunan wani aka sa masa. Wanda ke ɗauke da sunansa, har ya bar duniya bai taɓa ganinsa ba. A cikin kowannensu kuma akwai ɗan ƙaramin wata a ɓoye, wanda ba a gano ba sai bayan ya daɗe da rasuwa.

An haifi James Edward Keeler ran 10 ga Satumba 1857 a garin La Salle na jihar Illinois, a Amurka. Mahaifinsa, William Keeler, ya yi aikin biyan albashi a wani jirgin ruwan yaƙi na ƙarfe mai suna Monitor lokacin yaƙin basasar ƙasar. A shekarar 1869 iyalin suka tashi suka koma Mayport, wani ɗan ƙauye a jihar Fulorida, daidai inda kogin St. Johns ke shiga teku. A nan ne karatun aji na yaron ya tsaya, domin bai sami shiga sakandare ba. Sai ya duƙufa a kan littattafan da ya samu, ya koyi aikin hannu a wurin mahaifinsa, ya koyi awon ƙasa. Da ya tara 'yan kuɗi sai ya aika Philadelphia aka sayo masa gilasai, ya zauna ya harhaɗa madubin hangen nesa da kansa, mai faɗin inci 2. Daga 1875 zuwa 1877 yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani a sama da dare, yana kuma zana hotunan wata da duniyoyi da hannu. Wannan iya zane ya yi masa rana daga baya.

Yadda ya fita daga ƙauyen abin mamaki ne. Wata 'yar'uwarsa tana makaranta a garin Tarrytown na jihar New York. Wata rana aka kai su gidan wani mai hali, Charles Rockwell, wanda ke da nasa madubin hangen nesa, aka nuna musu Zuhal. Ita kuwa sai ta nuna ai ba baƙon abu ba ne a wurinta, ta sha ganinta a madubin da ɗan'uwanta ya haɗa a gida. Rockwell ya bi diddigin maganar, ya nemi yaron, ya kuma tsaya masa har ya shiga Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore a ƙarshen 1877. Jami'ar kanta a lokacin ba ta kai shekara biyu da buɗewa ba. Ni dai na kan yi tunani, da yarinyar nan mai kunya ce ta yi shiru, da wataƙila a ma'aunin gonakin Fulorida zai ƙare.

Tun yana ɗalibi, a watan Yuli 1878, aka tafi da shi jihar Colorado kallon husufin rana, ya zana abin da ya gani. Ya sami digiri a 1881, ya zama mataimakin Samuel Langley, shugaban gidan nazarin taurari na Allegheny da ke Pittsburgh. A wannan shekarar ya bi Langley zuwa dutsen Whitney a Kalifoniya, inda suka hau da kayan aiki domin auna zafin hasken rana a wurin da iska ba ta da kauri. Har yanzu akwai wani tsinin dutse a wurin da ake kira da sunan Keeler. Daga 1883 zuwa 1884 ya yi karatu a Jamus, a Heidelberg da Balin, sa'an nan ya komo.

A 1886 ya sami aiki a sabon gidan nazarin taurari na Lick, a kan dutsen Hamilton a Kalifoniya. Wani attajiri ne, James Lick, ya bar dukiya don a gina madubin da ya fi kowanne a duniya, kuma a ƙarƙashin madubin aka binne shi. Faɗin gilashinsa inci 36 ne. A farkon Janairu 1888 aka fara gwada shi, cikin tsananin sanyi. Daren 7 ga wata sama ta yi garau, iska ta kwanta, aka juya madubin wajen Zuhal. Keeler ya sa ido, sai ya hango wani baƙin layi siriri kamar zaren gizo-gizo, kusa da bakin zobe na waje. Ya zana shi. Yanzu an san faɗin wannan giɓi kilomita 325 ne, Zuhal kuwa ta fi kilomita miliyan dubu nisa daga gare mu. Wato kamar mutum ya hango silin gashi ɗaya daga nisan filin ƙwallo uku ke nan.

Amma sunan da giɓin ke amsawa a yau shi ne Encke. Johann Encke Bajamushe ne, wanda a 1837 ya ga wani wuri mai duhu-duhu a tsakiyar wannan zobe, da madubin da bai isa ya nuna siririn layin ba. Sunansa ya riga ya shiga littattafai, sai kawai ya manne wa abin da Keeler ya gani. Mai karatu zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a yi wa Encke adalci, ya mutu tun 1865, bai ƙwaci komai a hannun kowa ba, masu raba suna ne suka yi aikinsu a gurguje.

A Lick ne Keeler ya ƙware a kan na'urar rarraba haske. Waɗanda suka yi kimiyya a cikinmu za su tuna da ɗan gilashin nan mai kusurwa uku da malam kan riƙe a bakin taga, hasken rana ya ratsa shi ya fito kala-kala kamar bakan gizo. Idan na'urar mai kyau ce, za a ga wasu baƙaƙen layuka a tsaitsaye cikin launukan, kowanne da mazauninsa. To, idan abin da ke ba da hasken yana tahowa wajenka, layukan sai su ɗan gusa wajen shuɗi, idan yana tafiya sai su gusa wajen ja. Daidai yake da yadda ƙarar hon ɗin mota ke yin siriri tana tahowa, ta yi kauri da ta wuce. Da wannan dabara, a 1890 da 1891, ya auna gudun wasu gizagizan haske da ke can cikin taurari, awon da ya sa masana suka san da zamansa.

A 1891 ya yi aure, dutsen kuwa ba shi da gidan da ya dace da mai iyali. Sai ya karɓi shugabancin Allegheny, ya koma Pittsburgh. Wanda ya dubi abin daga waje zai ce ci baya ne. Ya baro madubi mai inci 36 da sama garau, ya dawo kan tsoho mai inci 13, a garin da hayaƙin masana'antun ƙarfe ke rufe sama dare da rana. Hayaƙin ya fi cin shuɗin haske, wanda shi ne faifan ɗaukar hoto na wancan zamani suka fi ji. Maimakon ya zauna yana ƙorafi, sai ya nemi irin faifan da ke jin rawaya da kore, ya kuma sa wani gwanin maƙerin gilashi na garin, John Brashear, ya ƙera masa na'urar da ta dace da ɗan madubin. A wannan hali ne ya yi aikin da ya fi kowanne a rayuwarsa.

Kafin in faɗi aikin, sai mun koma baya kaɗan. Galileo ne ya fara duban Zuhal da madubi a 1610, ya ga kamar tana da kunnuwa biyu, bai gane ba. Christiaan Huygens ya bayyana a 1659 cewa zobe ne. Giovanni Cassini ya ga babban giɓin da ya raba zoben biyu a 1675. Daga nan aka shiga muhawara, shin faifai ne ɗaya ƙaƙƙarfa, ko ruwa ne, ko me? A 1859 James Clerk Maxwell, ɗan Sikotland, ya buga wani dogon lissafi da ya nuna cewa faifai ƙaƙƙarfa ba zai zauna a wurin ba, zai karye ko ya faɗa wa Zuhal, na ruwa ma zai tsinke. Abin da kawai zai iya ɗorewa shi ne tarin ƙananan abubuwa marasa adadi, kowanne yana kewaya Zuhal shi kaɗai. Lissafin ya gamsar da masana, amma a takarda yake. Maxwell ya rasu a 1879 ba wanda ya ga hujjar a sama.

Keeler ya gane cewa gudu ne zai raba gardama. Ku tuna da faretinmu na ranar bikin 'yancin kai. Idan sahu zai karya kwana, yaron da ke ciki kusan tsaye yake yana taka ƙafa, na can bakin waje kuwa sai ya buɗe ƙafa sosai don kada sahun ya karye. Haka duk abu ƙaƙƙarfa yake juyawa, bakin waje ya fi na ciki gudu. Abubuwan da ke kewaya wata duniya kowa da kansa kuwa akasin haka suke. Tun zamanin Kepler aka san cewa na kusa ya fi na nesa sauri, domin ya fi jin jan duniyar. Saboda haka idan aka auna gudun bakin ciki na zoben da na waje, magana ta ƙare.

Daren 9 da na 10 ga Afrilu 1895 ya shimfiɗa tsagar na'urarsa ta ratsa Zuhal da zobbanta daga wannan gefe zuwa wancan, ya bar haske yana sauka a kan faifan hoto har awa 2, yana bin duniyar da hannu kada ta goce. Da ya wanke faifan sai ga abin a fili. A inda hasken jikin Zuhal ya sauka, layukan sun karkata gefe guda, kamar yadda ya kamata ga ƙwallo mai juyawa. A inda hasken zobban ya sauka kuwa sun karkata ɗaya gefen. Awo ya nuna bakin ciki yana gudun kimanin kilomita 20 a daƙiƙa, bakin waje kimanin 16. Na ciki ya fi sauri. Shekara 36 bayan lissafin Maxwell, ɗan madubin da ke cikin hayaƙi ya tabbatar da shi. A ganina abin yabon ba ƙarfin ido ba ne a wannan karo, sanin tambayar da ta kamata a yi ne, domin akwai masu madubai da suka fi nasa nesa ba kusa ba, kuma Zuhal na nan a gabansu kullum.

Ya buga sakamakon a mujallar Astrophysical Journal, wadda shi da George Ellery Hale suka kafa a wannan shekarar, kuma har yau tana fitowa. A 1898 aka kira shi ya koma Lick a matsayin shugaba, bayan Edward Holden ya sauka sakamakon rashin jituwa da ma'aikatansa. A can akwai wani madubi da ake kira Crossley, kyauta daga Ingila, wanda yawancin ma'aikatan suka ɗauka tarkace ne saboda wuyar sarrafawa. Sabon shugaban bai ɗora wa kowa ba, ya ɗauke shi ya zama nasa, ya yi ta gyara har ya miƙe. Da shi ya riƙa ɗaukar hotuna na awa 3 ko 4, ya kuma tarar sama cike take da ƙananan gizagizan haske, da yawansu a murɗe kamar gammo. Ya ƙiyasta cewa madubin zai iya kama kimanin 120,000. Sai bayan 1920 aka tabbatar cewa waɗannan murɗaɗɗun abubuwa gungun taurari ne masu zaman kansu, irin namu.

Bai ga wannan ba. Zuciyarsa ta fara ba shi wahala, a bazarar 1900 aka sauko da shi daga dutsen don neman magani, ya gamu da shanyewar jiki, ya rasu a San Francisco ran 12 ga Agusta 1900. Saura wata ɗaya ya cika shekara 43. Ya bar mata da 'ya'ya biyu. An ajiye tokarsa a sabon ginin Allegheny, a ƙarƙashin wani madubi da aka ƙera don tunawa da shi.

Shekara 80 bayan haka, kumbon Voyager 1 ya wuce ta kusa da Zuhal a Nuwamba 1980, Voyager 2 ya biyo a Agusta 1981. Hotunansu sun nuna giɓin da Keeler ya zana yana nan daram. Sun kuma nuna wani giɓin da ya fi shi sirantaka, mai faɗin kilomita 42, kimanin kilomita 250 daga bakin zoben na waje. Wannan ne aka sa wa sunan Keeler, kamar dai a biya shi bashi.

Sai wata tambaya ta taso. Zobban tarin ƙanƙara ne, daga mai girman ƙwayar gero har mai girman ɗaki, suna ta gogayya da juna. Abin da ake tsammani shi ne su bazu su cike duk wani giɓi. To, wa ke share hanyar? A 1985 Jeffrey Cuzzi da Jeffrey Scargle suka lura cewa gefunan giɓin Encke ba a miƙe suke ba, suna da lanƙwasa kamar igiyar ruwa, suka ce lalle akwai wani ɗan wata a ciki. Mark Showalter ya yi lissafin inda ya kamata ya kasance, ya sa kwamfuta ta bi tsofaffin hotunan Voyager 2 ɗaya bayan ɗaya. A 1990 ya same shi, ɗan ɗigo, kusan daidai inda lissafi ya nuna, a hotunan da suka shekara 9 a ajiye. Aka sa masa suna Pan. Faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 30 ba, yana kuma zagaye Zuhal sau ɗaya a cikin awa 13.8.

Yadda ɗan abu kamar wannan ke riƙe hanya mai faɗin kilomita 325 a buɗe, dokar nan ce da Keeler ya auna. Ƙanƙarar da ke gefen ciki ta fi watan sauri, saboda haka kullum tana cim masa tana wucewa, shi kuwa yana ɗan janyo ta baya. Duk abin da aka rage wa ƙarfin kewaye haka sai ya sauka ya ƙara matsawa kusa da Zuhal. Ta gefen waje kuwa watan ne ke wuce ta, yana ɗan jan ta gaba, abin da aka ƙara wa ƙarfi kuma sai ya hau ya ƙara nisa. Ka ga jan da ya kamata ya tara su a jikinsa, shi ne ke korar su dama da hagu. Wannan ya sa masana ke kiran irin waɗannan watanni makiyaya. Sunan Pan ma daga tatsuniyoyin Girkawa aka ɗauko shi, inda yake da alaƙa da kiwo.

Giɓin Keeler ma an ga gefunansa da irin wannan lanƙwasa, aka yi ta zargin akwai mai ita. Kumbon Cassini, wanda ya isa Zuhal a Yuli 2004, shi ya kama shi a hotunan da ya ɗauka a watan Mayu 2005. Aka sa masa suna Daphnis, shi ma sunan wani makiyayi ne a tatsuniyoyin Girkawa. Faɗinsa kimanin kilomita 8 ne kacal, tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin awa biyu, yana kammala zagaye a cikin awa 14 da 'yan mintoci. Igiyoyin da yake tayarwa a gefen ciki suna gabansa ne, domin ƙanƙarar ta riga ta wuce shi da su, na gefen waje kuwa suna bayansa. Wanda ya dubi hoto guda ɗaya na Daphnis zai karanta abin da Keeler ya kwana biyu yana nema a faifansa.

Hanyar Daphnis ta ɗan karkace kaɗan daga shimfiɗar zoben, yana ɗan hawa yana ɗan sauka, saboda haka yana jan ƙanƙarar sama da ƙasa ma. A 2009, lokacin da hasken rana ya bugi zobban ta gefe kamar hasken la'asar sakaliya, Cassini ya ga igiyoyin suna jefa dogayen inuwoyi. Daga tsawon inuwar aka gane cewa wasunsu sun tashi sama da kilomita 1, a zoben da kaurinsa a yawancin wurare bai fi mita 10 ba.

Akwai kuma waɗanda ba su kai su share hanya ba. A 2006 aka ba da labarin wasu 'yan tabo a cikin zoben masu kama da farfelar jirgin sama, hannu ɗaya gaba ta ciki, ɗaya baya ta waje. A tsakiyar kowace farfela akwai ɗan dunƙule, wani bai fi mita 100 ba, wanda ƙanƙantarsa ta hana a gan shi, sai dai ɓarnarsa. Manyan cikinsu an yi musu laƙabi da sunayen matuƙan jirgin sama na farko, irin su Blériot da Earhart da Santos-Dumont. An bi Blériot shekara da shekaru, aka tarar ba ya tsayawa kan lissafi sosai, wani lokaci ya riga lokacinsa, wani lokaci ya makara, alamar ƙanƙarar da yake turewa ita ma tana ture shi. Masana na duban wannan da muhimmanci, domin ana jin haka jariran duniyoyi ke yi a cikin faifan ƙura da ke kewaye da sabon tauraro.

A shekararsa ta ƙarshe, kafin a jefa shi cikin Zuhal ran 15 ga Satumba 2017, Cassini ya matso kusa da zobban ƙwarai. A watan Maris ya ɗauki Pan, aka gan shi da wani tudu siriri da ya kewaye tsakiyarsa kamar gefen malafa, ƙanƙarar zoben ce da ta yi ta sauka a kansa. A watan Janairu kuwa, daga nisan kilomita 28,000, ya ɗauki Daphnis a tsakiyar giɓin Keeler, ga igiyoyi uku a jere a gefen zoben, kowace ba ta kai ta gabanta girma ba, ga kuma wani siririn zaren ƙanƙara da ya fizgo yana biye da shi.